Kurakuran da aka fi yi wajen tsara kasadar wasan jarumta na kan tebur, da yadda ake gyara su

Mu biyar ne a kan tabarma a daren, taswira a tsakiya, ni ne jagoran wasa. Na kwashe mako guda ina rubuta kasadar da za mu buga, wato labarin da jaruman za su shiga, har maganar da mugun boka zai yi kafin ya faɗi na tanada. Da jaruman suka iso mararraba a bakin daji, sai ƙanwata ta ajiye ɗan lidon da ke hannunta ta ce, "Yaya, wai ta ina kake so mu bi?" Da gaske take tambaya. Ta riga ta gane cewa hanya ɗaya ce a takardata, saboda haka ta daina tunanin abin da jarumarta za ta yi, ta koma neman abin da ke raina. Tun daga ranar nake bin diddigin abin da ke kashe zullumi a irin wannan wasa, kuma kusan kullum sai in tarar an ƙwace wa 'yan wasa zaɓi ne a wani wuri.

Ga wanda bai taɓa gani ba: wasa ne da mutum uku zuwa shida ke zama, kowa ya ɗauki jarumi guda ya zama bakinsa, mutum ɗaya kuma ya zama jagora, shi ke bayyana duniyar da duk wanda ke cikinta. Inda aka yi shakkar ko abu zai yiwu, sai a jefa ɗan lido. Wanda ya fi shahara shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974.

Kuskuren da ya haifi sauran shi ne a rubuta kasada kamar tatsuniya. Mu da muka taso da "ga ta nan, ga ta nanku" mun saba mai ba da labari shi ke da bakin magana daga farko har ƙurunƙus, namu kawai "ta zo mu ji ta". Wannan sabon yana bin mutum har kan tebur. Sai ka ga jagora ya rubuta cewa za a sace 'yar sarki, jarumai su bi sawu, a kama su a kogo, su tsere, su kashe boka a kan hasumiya. To idan suka ƙi shiga kogon fa? Idan suka kashe bokan tun a kasuwa? A nan ne jagora ke fara toshe hanyoyi: gada ta karye, ƙofa ta ƙi buɗuwa, boka ya ɓace cikin hayaƙi ba dalili. Har manyan mawallafa sun faɗa wannan rami. Jerin kasadun Dragonlance da suka fara fita a 1984 sun zo da ƙa'ida cewa idan wani muhimmin mutum a labarin ya mutu kafin lokacinsa, kada a ga gawarsa, don a samu damar dawo da shi. An so labarin ƙwarai, amma har yau ana kawo shi a matsayin misalin kasadar da ke jan 'yan wasa da igiya.

Gyaran shi ne ka bar rubuta abin da zai faru, ka rubuta halin da ake ciki. Su wane ne a wurin, me kowa ke so, me yake da shi na ƙarfi, kuma me zai auku idan jarumai suka naɗe hannu? Dubi The Keep on the Borderlands da Gygax ya rubuta a 1979. Abin da ke ciki ganuwa ce a bakin iyaka, sai wani kwazazzabo mai koguna da yawa, kowane kogo da irin dodannin da ke zaune a ciki, wasu ba sa ga maciji da juna. Ba a ce a fara da wannan kogo ko a ƙare da wancan ba. Da wannan kasada ɗimbin mutane suka koyi wasan.

Ga yadda nake yi yanzu a shafi ɗaya. Ayarin gishiri ya maƙale a wata rijiya a tsakiyar hamada. Madugu yana so a tashi kafin kwana uku, don ruwa na ja da baya. 'Yan fashi sun kama ɗansa, suna neman rabin kaya. Aljanar da ke rijiyar za ta iya dawo da ruwa, amma sai an mayar mata da munduwar da wani cikin ayarin ya sace. Idan ba wanda ya yi komai, a rana ta biyu raƙuma za su fara faɗuwa, a ta uku madugu zai biya fansa da kayan da ba nasa ba, fatake kuma su juya masa baya. Ban san ta inda 'yan wasa za su ɓullo ba, amma duk inda suka taɓa na san wanda zai motsa.

Akwai kuma jagoran da ya ji an ce a ba da zaɓi, sai ya ce, "Ga ƙofa a dama, ga ƙofa a hagu, wacce za ku bi?" Ƙofofin iri ɗaya, babu abin da ya bambanta su. Wannan canki-canka ce, kuma wanda ya canka ba ya jin nauyin abin da ya biyo baya, domin ba da saninsa ya yi ba. Sai ka ba su abin aunawa. Ta dama iska mai sanyi na fitowa, alamar akwai mafita, amma akwai sawun ƙafa babba a ƙasa, sabo. Ta hagu shiru, sai warin ruɓa da matakala mai gangarawa, ga fitilarsu ta ci rabi. Yanzu za ka ji gardama ta tashi a tsakaninsu, kuma wannan gardamar ita ce wasan. Abin da ya fi ƙofa makauniya muni shi ne jagora ya tanadi dodo ɗaya, duk ƙofar da suka buɗe ya ajiye shi a bayanta. Sau ɗaya ko biyu ba za a gane ba. Ranar da aka gane, ba wanda zai sake ɓata lokacinsa yana duba sawu. Idan sun kauce wa dodonka da dabara, ka bar su su kauce, ka adana shi don wata rana a wani wuri da ya dace da shi. A wajen zana taswira ma haka ne. Ana yawan yaba kasadar Caverns of Thracia ta Jennell Jaquays, ita ma ta 1979, saboda hanyoyinta suna zagayowa su haɗu, akwai matakala da ramuka fiye da ɗaya tsakanin hawa da hawa, har ƙungiya biyu za su shiga su fito da labari daban.

Mutane da yawa suna zaton ɓoye haɗari shi ke kawo fargaba. Sai jarumi yana tafiya lafiya, ƙasa ta tsage, ya faɗa kan masu, ya mutu. Ɗan wasan ba ya jin zullumi a nan, haushi yake ji, kuma daga ranar zai riƙa bubbuga kowane taku da sanda har wasan ya gundiri kowa. Waɗanda ke kwaikwayon Tomb of Horrors, kasada mai cike da tarkuna ta 1978, sukan manta cewa an fara shirya ta ne don gasa, don a gwada ƙwararrun da suka san abin da suka shiga. Zuciya tana bugawa ne idan an ga ramin tun daga nesa, an ga ƙasusuwan wanda ya riga su, sannan aka hango akwatin a ɗaya gefen. Ka nuna haɗarin ƙarara. Tambayar da za ta hana su sukuni ita ce ko abin ya kai a yi kasadar.

Sai maganar lokaci, wadda ita ce na fi ganin an yi sakaci da ita. Idan babu abin da ke ƙarewa, jarumai za su yi faɗa ɗaya su kwanta barci, su tashi garau, su sake. Tsofaffin ƙa'idojin wasan sun san wannan. A bugun koyo na Dungeons & Dragons na 1981 da Tom Moldvay ya tsara, ana ƙirga zaman cikin kogo da zango na minti goma-goma. Fitilar itace tana ci zango shida ta mutu, kuma duk bayan zango biyu jagora zai jefa ɗan lido mai fuska shida, idan ɗaya ta fito wani dodo mai yawo ya ci karo da su. Da wannan, ko laluben bango don neman ƙofar sirri yana da farashi. Wasan Shadowdark, wanda Kelsey Dionne ta fitar a 2023, ya kai abin ƙarshe: fitila tana ci awa ɗaya ta agogon gaske, a kunna agogo a ajiye a gaban kowa. A wasan Blades in the Dark na John Harper, na 2017, da'ira ake zanawa a raba ta huɗu ko shida ko takwas, a rubuta a kai, misali "masu gadi sun farga", duk kuskure a cike yanki. Na gwada wannan da fensir a bayan ambulan. Da aka cike yanki na biyar cikin shida, wanda ke ta danna waya tun farkon zama ya kife ta, ya matso. Sharaɗin kawai shi ne agogon ya kasance a fili, kuma idan ya cika abin ya faru da gaske. Amma kada kowane ɗaki ya zama gudun ceton rai. A bar su su zauna a bakin wuta su yi hira da madugu, domin sai sun san shi za su damu da ɗansa.

Wani kuskuren na lissafi ne. Jagora ya ce kowa ya jefa don a wuce masu gadi a ɓoye, kuma idan mutum ɗaya ya faɗi an kama duka. A ce kowane ɗaya yana da damar kashi 60 cikin ɗari. Su huɗu su tsallake gaba ɗaya bai wuce kashi 13 ba. Jagoran yana ganin ya ba da dama, alhali ya rufe hanyar bai sani ba. Jifa ɗaya ta isa ga dabara ɗaya. Haka nan kada ka rataya dukan kasada a kan jifa guda, kamar wasiƙar da sai an gan ta za a san inda aka kai yaron. Justin Alexander, wani marubuci a kan irin wannan wasa, yana da shawarar da ta yaɗu: duk abin da kake so 'yan wasa su gano, ka ajiye masa alamu uku a wurare daban, domin za su wuce ɗaya, su yi wa ta biyu gurguwar fahimta. Kuma faɗuwa a jifa kada ta zama "babu abin da ya faru". Wasan Apocalypse World na 2010 ya koya wa mutane da yawa wannan: ana jefa 'yan lido biyu masu fuska shida, 10 zuwa sama nasara ce cikakkiya, 7 zuwa 9 ka samu amma da tsada, 6 zuwa ƙasa jagora ya motsa duniya a kanka. Kwaɗon ya buɗe, amma wuƙarka ta karye a ciki, ko mai gadi ya ji ƙara. Ko wanne ne, akwai sabon zaɓi a gabansu.

Wanda ya fi mini wuyar bari shi ne tausayi. Ka ga jarumin abokinka saura ƙiris ya mutu, ka jefa a bayan littafi, ka ce dodo bai same shi ba alhali ya samu. Niyyar mai kyau ce, amma 'yan wasa suna da hanci, kuma da zarar sun gane ba a faɗuwa, takobin dodo ya zama kara. Na koma jifa a fili. Abin da ya sauƙaƙa mini shi ne na daina sa mutuwa ta zama ita kaɗai ce asara. Ana iya kama su, ana iya rasa kaya, gari na iya daina yarda da su.

Da muka buga kasadar rijiyar nan, ba su bi ko ɗaya daga hanyoyin da na hango ba. Sun gano ɓarawon munduwar a rana ta biyu, ashe yaron da ke yi musu ɗawainiyar ruwa ne, ya sace don ya biya bashin mahaifiyarsa. Aljana ta ce munduwa kaɗai ba ta isa ba, sai an miƙa mata ɓarawon. Saura yanki ɗaya a da'irar da ke kan ambulan. Sun yi kusan minti ashirin suna musu, ban ce uffan ba, ɗan lido yana ajiye ba wanda ya taɓa shi. A ƙarshe ƙanwata ta ce jarumarta za ta sauka rijiyar ta ce ita ta ɗauka. Ta miƙo hannu ba ta ko dube ni ba, ta ce, "Yaya, ba ni ɗan lido mai fuska ashirin ɗin."