Kurakuran da muke tafkawa in mun fara koyon girkin Biyetnam a gida

Ranar da na fara dafa pho a kicin ɗina maigida ya leƙa tukunya ya ce "yau farfesun ƙashi muka samu kenan, to amma me ya kawo taliya ciki?" Ban ji haushi ba don gaskiya ya faɗa, abin da na dafa farfesu ne sak, romon ya yi duhu ya yi kauri mai na yawo a sama, ga ƙamshin kanumfari ya cika gida kamar ana dama kunun mai jego. Na sha wahala fa, tun hantsi nake tsaye. Sai daga baya na gane ba kayan haɗi ne suka cuce ni ba, hannuna ne. Mu hannunmu yana da nauyi a girki, mun saba a soya, a zuba mai, a ƙara wuta, miya ta yi kauri ta kama cokali. Su kuwa mutanen Biyetnam romo garai-garai suke so, ga ɗanyen ganye a gefe, tsami da zaƙi da gishiri da yaji kowanne kina jin sa daban a baki ba wanda ya danne wani. Kusan duk kuskuren da zan faɗa miki daga nan ya samo asali.

Na farko ma dai shi ne farawa da pho ɗin (kuma "fa" ake cewa, ba "fo" ba, ni ma na daɗe ina kwafsawa). Shi ne ya yi suna, shi kowa ke gani a bidiyo, sai mutum ya ɗauka shi ne tuwonsu na kullum. A'a. Ko a Hanoi yawanci fita ake a saya a shago da safe, kamar yadda muke aika yaro ya sayo waina, don aiki ne na awanni. Abincin gida na yau da gobe farar shinkafa ce, da ɗan romon ganye mara nauyi da suke kira canh, da kifi ko nama da aka dafa da sukari da ruwan kifi (wani ruwan ɗanɗano ne mai gishiri na kwalba da ake tatsowa daga kifi), da ganye dafaffe ko soyayye sama-sama, sai ɗan kwanon abin dangwale a tsakiya. To wannan abin dangwalen, nuoc cham, da shi ya kamata ki fara, minti 5 ne aikinsa kuma shi zai koya wa harshenki abin da ake nufi da ɗanɗanon Biyetnam. Cokali 1 na ruwan kifi, cokali 1 na sukari, cokali 1 na ruwan lemon tsami, cokali 4 na ruwa. Ki fara narkar da sukarin a ruwa mai ɗumi tukunna, sannan lemon tsami da ruwan kifi, tafarnuwa da attaruhu yankakku ƙanana su zo ƙarshe don su yi ta yawo a sama. Ki ɗanɗana ki gyara, don lemon tsami wani ya fi wani ƙarfi. Kar ki markaɗa shi a bilenda don Allah, ba kayan miya ba ne.

Sai maganar ruwan kifin kansa, nuoc mam, nan ne mutane ke gudu. Za ki buɗe kwalba wari ya doke ki, ki ce haba wannan ai ya lalace, ki rufe ki ajiye ki ce bari in sa gishiri da magi a madadinsa. Kin gama ɓata girkin tun kafin ki kunna wuta. Ni dai abin da nake ce wa mutane shi ne wadda ta tashi da daddawa ba ta da bakin ƙorafi. Ki shinshina daddawa ɗanya, sannan ki tuna yadda take a miyar kuka, haka abin yake, warin yana kwanciya ya bar daɗi. Ƙananan kifaye ne da gishiri ake jerawa a manyan gangunan katako a bar su kusan shekara, ruwan da ya tsatso shi ne wannan. Na tsibirin Phu Quoc ya fi suna har Tarayyar Turai ta ba sunansa kariya a 2012, na garin Phan Thiet ma sananne ne. In za ki saya ki juya kwalbar ki karanta, mai kyau kifi da gishiri kawai za ki gani, wasu kuma da ɗan sukari. Akwai wata lamba da suke sawa kamar 30°N ko 40°N, yawan lambar shi ne yawan ƙarfin kifin a ciki. Launinsa ya zama kamar shayi ba madara, haske na ratsa shi. Kuma shi da soya sos ba ɗaya ba ne, ba sa maye gurbin juna, wancan na waken suya ne ɗanɗanonsa ya fi karkata ga girkin Sin. Ɗaya gefen kuskuren kuma shi ne a kwarara shi kamar ruwa, alhali gishiri ne tsagwaronsa, in kin sa shi ki janye hannu daga gishiri. Af, wata shawara kyauta, kar ki bari ya zube miki a mota ko kan kafet, kwana uku za ki yi kina ba da haƙuri.

Yanzu romon pho, in kin ce dole sai kin yi. Kuskurena guda huɗu ne a tukunya ɗaya. Ban fara tafasa ƙashin na zubar da ruwan farko ba. Dole ne wannan, ki zuba ƙashin saniya kamar kilo 2 a ruwa ya tafasa da ƙarfi minti 5 zuwa 10, za ki ga wata kumfa mai dauɗa ta taso, ki juye duka ki wanke ƙashin tas ki wanke tukunyar, sannan ki dawo da sabon ruwa lita 4 zuwa 5. Na san zuciyarki za ta ce ai daɗin ne nake zubarwa, ba shi ba ne, jini ne da datti. Na biyu na bar wuta tana ci ɓal-ɓal don in gama da wuri, wannan tafasar ita ke dama mai da ruwa romon ya koma kamar koko. Wuta can ƙasa ake so, ki ga ɗan kumfa na tasowa jefi-jefi, murfi a ɗan buɗe, awa 6 ko fiye, kina kwashe abin da ya taso. Na uku na soya albasa da mai kamar zan yi miya, alhali gasa ta ake yi, albasa 2 manya da ɗanyar citta kamar tafin hannu a ɗora kan wutar gas ko garwashi har bayansu ya yi baƙi, a kankare ƙunar a wanke a jefa. Wannan gashin ke ba romon zaƙi da ƙamshin hayaƙi, in kina da kurfoti da gawayi ma ya fi. Na huɗu kayan ƙamshi, na ɗebo kanumfari da hannu. Guda 3 ko 4 sun isa wannan tukunyar, da sandar kirfa 1, da wannan mai siffar tauraro da ake ce wa sta anis kamar 5, ki ɗan gasa su a busasshen kasko ki ƙulle a tsumma mai tsabta ki sa a awa ɗayan ƙarshe, in suka daɗe romon ɗaci yake. Ba tumatir, ba kori, ba tayim, ba manja, ki ɗaure hannunki. Ruwan kifi da ɗan sukari a ƙarshe, kuma gishirin ya ɗan fi yadda za ki sha shi zalla don taliyar lami ce za ta rage shi.

In duk wannan ya yi miki yawa ki yi na kaza, pho ga, awa ɗaya da rabi zuwa biyu kin gama, kuma kazar Hausa ta fi ta gidan gona ba da romo nesa ba kusa ba.

Taliyar ta shinkafa ce, ba ta alkama ba, sufageti ba ta shiga nan. Kuma ba a dafa ta cikin romon kamar yadda muke yi wa Indomie, garin jikinta zai gurɓata duk wahalar da kika sha. Busasshiya mai faɗi ki jiƙa a ruwa kamar minti 30, in an zo ci ki tsoma a wani tafasasshen ruwa daban na ƴan daƙiƙu ki tsame ki zuba a kwano. Siririyar da suke kira bun kuwa dafawa ake minti kaɗan a ɗauraye da ruwan sanyi sosai, in ba haka ba ta cure ta zama tuwo.

Naman da kike gani ja a saman kwano a bidiyo, yankan siriri ne kamar takarda, zafin romon ke dafa shi. Ki sa tsokar a firiza kamar minti 30 ta ɗan daskare sai ta yanku, kuma ki gitta zaren naman kar ki bi shi. Ni dai tunda naman kasuwa nake saya wanda ya yini a tebur cikin zafi, tsoma shi nake a romo mai tafasa har launinsa ya juya kafin in zuba, ban yarda da ja ba.

Ganye kuma ba ado ba ne kuma ba a dafa shi, na ga wadda ta zuba na'a-na'a da koriyanda a tukunya ta rufe kamar alayyahu, suka yi baƙi. Ɗanye ake kawowa a faranti kowa ya yaga ya sa a nasa. A nan ma akwai bambanci, mutanen arewacin ƙasar wajen Hanoi da Nam Dinh inda pho ya samo asali a farkon ƙarni na 20, nasu ba hayaniya, lawashi da ɗan koriyanda da barkono. Da aka raba ƙasar a 1954 ƴan arewa da yawa suka yi ƙaura kudu da abincinsu, a Saigon ne aka ƙara masa tsiron wake da tulin ganye da zaƙi. Don haka in ba ki samu tsiron wake ba kar ki fasa, ki ce na Hanoi kika yi. Ɗoɗɗoya tana iya tsaya wa basil ɗinsu amma kaɗan, tamu ta fi ƙarfi.

Takardar shinkafa ta naɗa goi cuon, wato naɗin ganye da taliya da nama da ake ci ba a soya ba, kuskuren kowa ɗaya ne, a bar ta a ruwa sai ta yi laushi. Kafin ki kai ta faranti ta manne ta yage. Daƙiƙa 2 ko 3 a ruwa mai ɗumi, ki cire tana da sauran tauri, kafin ki gama jera kayan ciki ta saki da kanta. Kar ki cika ta kamar shawarma.

Wanda ya fi duk waɗannan muhimmanci gare mu Musulmi shi ne alade, yana da yawa a girkinsu kuma yana ɓuya. Bun bo Hue, kalmar bo saniya take nufi, sai ki saki jiki, alhali yawanci akwai ƙafar alade a romon har da daskararren jini. Bun cha ɗin da Obama ya ci a Hanoi a 2016 gasasshen alade ne. Cha lua da pate da ake sawa a burodi su ma haka. Har garin ɗanɗanonsu hat nem da yawansa da ƙashin alade ake yi, ki karanta leda kafin ki saya. Kalmomin da za ki riƙe su ne heo da lon, duk alade ne, kalmar ga kuwa kaza take nufi, ca kifi, tom jatan lande. Gyaran ba wuya, cinyar kaza tana maye gurbinsa a kusan duk abin gashi saboda tana da ɗan kitse, ƙirji bushewa yake. Ai a can ma akwai Musulmi ƴan ƙabilar Cham a yankin An Giang, suna cin abincin ƙasarsu ba tare da shi ba.

Banh mi kuwa, wato burodinsu da ake tsagawa a cusa nama da ganye, burodin ne ke kayar da mu ƴan Najeriya, mai laushi mai sukari bai yi ba sam. Bagat ne na Faransa da suka gada daga mulkin mallaka, ɓawo ƙarau-ƙarau ciki sakayau, ƴan uwanmu na Nijar dai sun huta wannan a ƙofar gida yake. Ki ɗan gasa shi, mayonis, gasasshiyar kaza, kokwamba, koriyanda, barkono, da karas da kika jiƙa a binega da sukari, kar ki tsallake karas ɗin nan shi ne ran abin. Abin dariya su ma suna ɗiga Maggi na ruwa a ciki, kuma farin magi ba baƙo ba ne a kicin ɗinsu, don haka ba wai an hana ba ne, dunƙule shida a tukunya ɗaya ne ba a yi.

Wanda gidana suka fi so yanzu ca kho ne, wato kifin da ake dafawa da ruwan kifi da narkakken sukari, kuma da tarwada ake yin sa, ga tukunyar ƙasa muna da ita. Sukari cokali 2 ake narkarwa a wuta har ya yi launin shayi mai kauri, nan ne ake kuskure, in kin cire da wuri abincin ya yi zaƙi kamar alawa, in kin juya baya kina duba waya ya ƙone ya yi ɗaci sai dai a sake. Da ya yi duhu ya fara ɗan hayaƙi ki sauke ki zuba ruwan zafi kaɗan a hankali don yana fantsama. Ki jera gunduwar tarwadar da kika wanke da lemon tsami, ruwan kifi cokali 3, albasa, tafarnuwa, attaruhu, ruwa ya kai rabin kifin, wuta ƙasa kamar minti 40, juyi ɗaya kawai don kar ya farfashe. In ruwan ya ja ya yi danƙo ki barbaɗa masoro da yawa da lawashi. Gishirinsa da ƙarfi yake da gangan, kaɗan ake ɗiba a kan farar shinkafa, don haka shinkafar kar ki sa mata gishiri ko mai, kuma ki yanka kokwamba a gefe.