Darasi na 7: Canza tayoyin injin yankan ciyawa

A Maradi, daga watan Yuni zuwa Satumba, ciyawa ba ta jiran kowa. Mai kula da lambun otal ko ofis, lokacin ne injinsa da ake turawa da hannu ke shan aiki, lokacin ne kuma taya ke nuna gajiya.

Yaya za ka gane taya ta gaji? Kama ta da hannu ka girgiza. In tana rawa, ramin tsakiya ya buɗe. Yawancin tayoyin nan na roba ne, rairayin garinmu kuwa yana shiga tsakanin ramin da ƙarfen da taya ke juyawa a kai, yana cin su a hankali. Injin sai ya karkace, yanka ya fito gefe ɗaya dogo, gefe ɗaya gajere.

Kafin komai, kashe injin, ka bari ya huce, ka cire wayar buji, wato fulogin da ke ba injin wuta. Kada ka raina wannan: muddin wayar na haɗe, juyin wuƙar da ke yankan ciyawa na iya tayar da injin, ga hannunka a kusa.

Ɗaga gefen da za ka yi aiki, ka tokare da katako. In dole sai ka kwantar da injin, ɓangaren matatar iska ya dubi sama, don kada baƙin mai ya malala cikinta. Kwance noti da sufana, ka zare taya. Noti da washa ka zuba su cikin gwangwani, domin ƙasa na haɗiye su.

Yanzu dubi ƙarfen da kansa. Nan mutane da yawa ke asarar kuɗi: su sa sabuwar taya kan ƙarfen da ya ci, kwana kaɗan ta koma rawa. In ya sirance ko ya lanƙwashe, a canza shi tare.

Tafi kasuwa da tsohuwar tayar a hannu. “Irin wannan” da baki ba awo ba ne. Gwada faɗinta da girman ramin. Sayi biyu, na gaba tare ko na baya tare.

Goge ƙarfen, shafa giris kaɗan, don mai yawa yana tara rairayi. Zura sabuwar taya, ɗaure noti, amma taya ta riƙa juyawa da hannu. Daidaita tsawon tayoyin huɗu, sannan ka mai da wayar buji.

Aiki: auna faɗin tayar gaba da ta baya da santimita, ka rubuta lambobin cikin littafinka.