Yadda Ake Adana Tsoffin Kayan Yaƙi na Gado

A gidaje da dama na Sakkwato akwai takobi, mashi ko sulke da aka gada kaka da kakanni, wasu tun gwabzawar da aka yi da Turawa a Giginya ranar 15 ga Maris, 1903, akwai kuma lambobin yabo na mazan jiya da suka je yaƙin Bama a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Mai son adana su ya fara zama da dattawan gida ya rubuta sunan mai kayan, da yaƙin da ya halarta, da hannuwan da kayan suka bi, domin da zarar labarin ya ɓace, darajarsu ta ragu ƙwarai.

Daga nan sai tsatsa. A zare takobi daga kube a hankali, a goge shi da tsumma mai laushi, a shafa masa ɗan man keken ɗinki, sannan a ajiye shi dabam, saboda fata tana riƙe laima da damina. Kada a kai wa maƙeri ya wasa shi, kada kuma a dirje shi da yashi ko toka. Na taɓa ganin wanda aka dirje har ya yi ƙyalli kamar sabon faranti, alamar maƙerin da ke kusa da ƙotar ta shafe. Kube da kwari a ɗaga su daga ƙasa saboda gara. Tsinin tsohuwar kibiya kuwa ba a taɓa shi da hannu, don mai yiwuwa da sauran dafi.

Harsashi zancensa dabam ne. A wasu ƙasashe ana tara waɗanda aka cire wa albarushi, amma a Nijeriya dokar makamai ta 1959 ta hana riƙe harsashi ba tare da lasisi ba, kuma a halin da ake ciki na tsaro, ko kwanson da aka riga aka harba yana iya jawo wa mutum tuhuma. Wanda ya tono harsashi ko gurneti a gona kada ya ɗauka ko ya ƙwanƙwasa, domin tsufa ba ya kashe shi. Ya sa alama a wurin, ya sanar da mai unguwa da 'yan sanda.

Dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta hana sayar da kayan tarihi ga wanda ba shi da izini, haka ma fitar da su ƙasar waje ba tare da izini ba. Idan adanawa ta gagara a gida, a tuntuɓi Gidan Tarihi na Waziri Junaidu da ke Sakkwato, a tafi da takardar labarin tare da kayan.