Kurakuran da sababbin masu tace fim suka fi yi da yadda ake gyara su

Kuskuren da ya fi yawa a aikin sabon edita, wato mai yanka da haɗa hotunan fim, shi ne yanka hoto da sauti a wuri ɗaya duk sa'ad da magana ta koma bakin wani. Idan miji da mata suna gardama a falo, sai hoton ya riƙa kai-komo tsakaninsu, mai kallo kuma ba ya ganin fuskar wanda ake faɗa wa maganar, alhali sau da yawa a fuskar ne labarin yake. Maganin wannan shi ne a raba hoto da sauti a kan taimlayin, wato layin da ake jera hoto da sauti a manhajar aiki, a bar murya ta ci gaba bayan hoto ya koma kan mai sauraro, wanda ake kira yankan L, ko a shigo da murya kafin a nuna mai ita, wato yankan J. Manhajojin haɗa fim na Premiere Pro da DaVinci Resolve duk suna ba da damar yin haka.

Har ila yau a fannin sauti, wasu kan goge duk abin da ke tsakanin jimloli, sai gurnanin janareta ko kukan fanka ya riƙa ɗaukewa yana dawowa. Ya kamata a naɗi sautin ɗakin na kamar minti ɗaya a wurin ɗauka, kowa ya yi shiru, a shimfiɗa shi a ƙarƙashin dukkan fitowar.

Akwai kuma gauraya ɗaukar da aka yi a firem (wato hoto ɗaiɗai) 25 a daƙiƙa da ta waya mai firem 30 ba tare da daidaitawa ba, abin da ke sa motsi ya riƙa sarƙewa. A waƙoƙin finafinan Kannywood, inda jarumai ke bin waƙar da aka riga aka naɗa a situdiyo, ƙaramin saɓani tsakanin leɓe da murya ba ya ɓuya, don haka a zaɓi adadin firem ɗaya tun kafin a fara aiki.

Ƙa'idar digiri 180, wato kyamara ta tsaya a gefe ɗaya na layin da ya haɗa masu hira biyu, ta mai ɗaukar hoto ce, amma edita ne ke shan zargi idan mutane biyu masu hira suka bayyana suna duban gefe guda. Ana rage ɓarnar da saka faffaɗan hoto a tsakani. Su kuwa walƙiya da jujjuyawar hoto da manhajar CapCut ke cike da su, a ganina yanka kai tsaye ya fi su, sai dai a narkar da hoto cikin wani idan ana nufin lokaci ya shuɗe.