Yadda za ka bi saƙon RNA da biro da takarda har ka ga tushen sikila

Duk shekara idan WAEC da JAMB suka gabato, ɗalibaina a nan Kano kan haddace cewa RNA iri uku ce (mRNA, rRNA da tRNA), amma da wuya ka samu wanda ya taɓa bin saƙonta da hannunsa. Abin yana damuna, domin aikin bai wuce minti 10 ba.

Fara da sanin amfaninta. DNA, mai ɗauke da bayanan gado, tana zaune a cibiyar ƙwayar halitta, ba ta fitowa. Idan ana buƙatar wani furotin, sai a kwafo ɓangaren da ake so zuwa mRNA, wato RNA mai kai saƙo, kamar yadda malam ke rubuta wa yaro karatun yau a allo, littafi kuwa yana ajiye. Idan an gama sai a wanke allon. Haka ƙwayar halitta ke rushe mRNA bayan ta isar da saƙo.

Ɗauki takarda ka rubuta TGA GGA CTC. Guntu ne daga silin DNA da ake kwafa wajen gina himogulobin, mai ɗaukar iskar oksijin a jini. A ƙarƙashin kowane harafi sa abokinsa: T ta ba da A, G ta ba da C, C ta ba da G, A kuma ta ba da U. Nan yara suka fi tuntuɓe, domin RNA ba ta da T sam. Za ka samu ACU CCU GAG.

Sai ka karanta uku-uku, kowane uku sunansa kodon. Guda 64 ne: 61 suna nuna amino asid iri 20, wato tubalan da ake gina furotin da su, sauran ukun, UAA, UAG da UGA, suna cewa a tsaya. Ribosom, injin haɗa furotin a cikin ƙwayar halitta, wanda shi ma da rRNA aka gina shi, shi ke karantawa, tRNA kuma ita ce 'yar dako mai kawo amino asid ɗin da aka kira. Duba jadawalin kodon a littafinka: ACU tiriyonin, CCU furolin, GAG gulutamik asid.

Yanzu ga inda nake so ka nutsu. Koma kan CTC, ka mai da T ɗin tsakiya A, ka sake kwafa. GUG za ta fito, wato balin maimakon gulutamik asid, a gurbi na 6 cikin sarƙar himogulobin mai amino asid 146. Harafi ɗaya ke nan. Amma idan oksijin ya ragu, wannan himogulobin sai ya manne da juna, ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan jijiyoyin jini. Ciwon da ke hana yaro barci har a kwana da shi a asibiti daga nan ya taso.

Wanda ya gaji canjin daga mahaifi ɗaya shi ne AS, wanda ya gada daga duka biyun shi ne SS. Shi ya sa ake gwajin jini kafin ɗaurin aure: idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da damar ɗaya cikin huɗu ta zama SS.