Babi na Huɗu: Man Taransifoma da Haruffa Uku

Darasi na 7

Iyayena da yayyena, kowa ya ɗauki fensirinsa. Yau haruffa uku za mu koya: P, C, B. Sunan wani sinadari ne da a da ake zubawa a man tsofaffin taransifoma don kada ya kama da wuta. Guba ce. Amurka ta hana yin sa tun 1979, yarjejeniyar Stockholm ta ƙasashen duniya ta 2001 ma ta haramta shi, kuma Najeriya na cikinta. Amma tsofaffin taransifoma suna nan, mansu kuma yana fita kasuwa.

Mu rubuta. P sanda ce mai ciki ɗaya a sama. B sanda ce mai ciki biyu. A nan kowa ke tuntuɓe, ba komai, a hankali. P ciki ɗaya. B ciki biyu. Ɗora yatsa a kai ka ƙirga. Ɗaya? P ce. Biyu? B ce. C kuwa kamar jinjirin wata take, tana tsakiya. A sake rubutawa sau goma.

In kin ga haruffan nan a jikin duro ko jarka a kasuwar Sabon Gari, Inna, ki bar ta komai arharta. Ko babu rubutu, jarkar da ba ki san abin da ta ɗauka ba, kar ruwan sha ko man gyaɗa ya shige ta. Wanki da omo bai isa ba. Gubar tana taruwa a kitsen jiki shekara da shekaru, ta taɓa hanta, ta fesar da ƙuraje, tana jawo ciwon daji, har ta bi nono zuwa ga jariri. A Japan a 1968 ta gauraya da man girki, mutane da yawa suka kwanta, aka haifi jarirai fatarsu ta yi duhu.

Haba Baba! Makon jiya na faɗa, yau kuma na ji wani na shafa man taransifoma a gwiwa wai maganin sanyin ƙashi. Ta fata ma gubar tana shiga. Gwiwa na ciwo, a je asibiti. Kuma har yanzu ina ganin B mai ciki ɗaya a littattafanku. Biyu ne, jama'a!

Darasi na 8

Maganin ƙwari Gamalin 20 ma an hana shi. Kar a zuba shi a kogin Kubanni ko Galma don kama kifi, kar a barbaɗa wa wake.

Darasi na 9

A kwafi darasi na 7.