Yadda za ka ba mutum shawarar fim ba tare da ka ɓata masa dare da data ba

Jama'a akwai wani abu da muke yi kullum amma ba mu ɗauke shi a bakin komai ba, wato ba wa mutum shawarar fim. Wani zai yi tambaya a guruf ko a majalisa, "don Allah wane fim zan kalla yau, gidan ya yi min shiru", kafin ka ce kwabo mutum goma sun jefo masa sunaye, wannan ya ce kalli kaza wallahi ya haɗu, wancan ya ce ai kaza ƙarshe ne, shi kenan an wuce wurin. Ba wanda ya tambaye shi da wa zai kalla, ba wanda ya gaya masa tsawon abin, balle a faɗa masa me ke ciki. Ni a ganina duk sanda ka ce wa mutum ya kalli abu, toh datarsa da cajin wayarsa da barcinsa ka sa wa hannu, wani lokacin har da mutuncinsa a gaban iyayensa, don haka abin yana son a yi shi da lura.

Kafin ka ba da amsa kai ma ka yi tambaya. Ka ce masa wanne ka kalla na ƙarshe da ya yi maka daɗi? Amsar nan kaɗai ta ishe ka ka gane mutum. Wanda ya ce maka shi in ba a doke bos a ƙarshe ba bai ga fim ba, kar ka tura shi wajen labarin soyayya mai tafiyar hawainiya da kuka da waƙa. Wadda kuma ta ce ita rigimar gidan aure da kishiyoyi da uwar miji take bi, ba ruwanta da masu takubba a kan dawaki. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, abin da ya hana ka barci jiya wani minti goma zai yi ya kashe ya juya ya kwanta.

Tambaya ta biyu ita ce ta fi komai muhimmanci a wurina, kuma ita aka fi mantawa: shi kaɗai zai kalla a waya da abin kunne, ko a falo za a kunna? Don gidajenmu dai an san yadda suke, talabijin ɗaya ce, bayan isha'i in akwai wuta kowa ya hallara, Baba na kishingiɗe a kan doguwar kujera, Hajiya na kan tabarma tana gyaran wake ko tsinke zogale, yara sun baje a ƙasa, wataƙila ma ga suruka ta zo kwana biyu. A irin wannan zaman ne za a zo wani wuri a fim kawai ka ga falo ya yi tsit, mai rimot yana lalube yana danna ba daidai ba, babbar yaya ta miƙe wai za ta duba tukunya alhali an daɗe da sauke girki, Baba ya yi gyaran murya ya ce wa ya kawo wannan abin gidan nan. Toh wannan kunyar kai ka jawo masa da ka ce "ya haɗu" ka yi shiru. Faɗa masa gaskiya ba ta rage ka da komai. Ka ce labarin yana da kyau amma akwai shigar da ba ta dace ba, ko akwai wuri biyu da sai an wuce da su, ko ka ce wannan kai kaɗai, kar ka kunna a gaban yara.

Kuma kar suna ko hoton fim ya ruɗe ka. Squid Game da ya fito a Netflix a 2021, na Koriya ta Kudu, wasannin yara ake yi a ciki, ga kaya masu launi ga ƙatuwar 'yartsana, wanda ya hango daga nesa sai ya ɗauka na yara ne, alhali kashe mutane ake yi a fili jini ko'ina. Irin wannan in za ka ambace shi dole ka haɗa da gargaɗi. Fina-finanmu na Hausa akwai Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano da aka kafa tun 2001, amma abin da ke shigowa waya daga waje ba ya bi ta hannunta, kai da ka riga ka kalla kai ne mai tacewar. A Netflix suna rubuta shekarun da suka dace a jikin kowane fim, ka duba, sai dai ma'auninsu ba namu ba ne, abin da suka ce ɗan shekara 13 zai iya gani ba lallai ka iya zama ka gan shi tare da mahaifiyarka ba. Wani abin kuma da ba a cika faɗa ba, ko a masu dogon zangonmu na YouTube wani lokacin fim ɗin lafiya lau yake, amma tallan da aka cusa a tsakiya na maganin gargajiya ne da ake bayani dalla-dalla, shi ma in ka san akwai ka faɗa don mai rimot ya zauna a shirye.

Sai batun tsawo. Don Allah ku riƙa gaya wa mutane girman abin da kuke jefa su ciki. Ertugrul na Turkiyya da mutanenmu suka rungume shi sosai, an haska shi daga 2014 zuwa 2019, zango 5 ne, kashi 150, kuma kowane kashi wajen awa biyu yake a yadda aka nuna shi can ƙasarsu. Lissafa ka gani, wajen awa 300 kenan. Ɗalibin da jarrabawa ke gabansa ko mai fita aiki da asuba bai kamata ka ce masa "fara kawai" ba tare da ya san haka ba. Dadin Kowa na Arewa24 tun 2015 aka fara shi, wanda zai shiga yanzu yana buƙatar ka ce masa ga inda zai kama ya fahimta, ba sai ya koma farko ba. Sannan ka faɗa ko an gama labarin ko har yanzu ana sakinsa mako mako, don akwai mutanen da ba sa iya jira, gara su bari a kammala su zauna su cinye shi gaba ɗaya. Haka in fim kashi biyu ne ka ce kashi biyu ne. Baahubali, fim ɗin Indiya, na farko ya fito 2015, ya tsaya a daidai inda hankalin kowa ya tashi, sai 2017 na biyun ya zo, toh wanda ka sa ya je aka tura masa na farko kaɗai ya kalla har ƙarfe ɗayan dare, ka san ba zai gode maka ba.

Data ma haka. Awa ɗaya a YouTube in ka bar ingancin hoton a 720p zai iya cin giga guda ko fiye, in ka sauke shi zuwa 360p ba ya kai rabin haka, kuma a fuskar waya ana gani ba laifi. Ka gaya wa mutum wannan, musamman iyayenmu mata da ba su san inda ake rage shi ba, sai dai su ga data ta ƙare su ce kamfani ya cuce su.

Yanzu ga babban laifin da ke raba abota: fasa labari. Wallahi ban san me ya sa wasu ba sa iya riƙe bakinsu ba. Kana cewa ka fara kallon abu sai ya ce "ka zo inda aka kashe wane?" Shi kenan ya gama da kai. Ƙa'idar da nake bi mai sauƙi ce, ka ba da abin da ya faru a farkon fim kawai, wato waye jarumin, me yake nema, me ya tare masa hanya, daga nan ka ja bakinka. Kar ka ce waye munafukin, kar ka ce wa ta aura, kai ko cewa "ƙarshen zai ba ka mamaki, wanda ba ka zata ba ne" shi ma fasawa ne, don daga nan mutum zai zauna yana zargin kowa, daɗin ya ragu. In kuna son tattauna sabon kashi a guruf ku fara rubuta cewa wanda bai kalla ba ya tsallake, ku bar sarari kafin maganar, kuma ku ba mutane ko kwana biyu, ba kowa ke da wuta ko data a daren da aka saki ba. Masu yanko wurin mutuwar jarumi ko ɗaurin aure su ɗora a sitatus minti talatin da fitowa, ku ji tsoron Allah ku daina.

Toh in ba za ka ba da labari ba me za ka faɗa? Dalili. "Ya haɗu" da "shirme ne" ba ra'ayi ba ne, ihu ne kawai. Ka faɗi abu ɗaya ko biyu da ka riƙe. Labarin yana tafiya ko ana jan sa ne don a tara kashi, irin wanda za a yi minti goma mota na shiga gida ana buɗe get ana rufewa? Maganganun sun yi kama da yadda mutane ke magana a gida ko kamar ana karanta takarda? Sauti yana fita ko kiɗa ya danne murya? Wanda ya fito a malami ko likita ko ɗan sanda ya yi kama da su? In mai kuɗi ne a labarin ya talauce, an nuna yadda aka yi ko kawai an wayi gari ne? Irin wannan bayanin shi ke sa wanda ya karanta ya yanke wa kansa hukunci, wataƙila ma abin da ya gundure ka shi ne abin da yake so. Kuma ka faɗi inda ka tsaya, in kashi uku ka kalla ka ajiye ka ce kashi uku na kalla, kar ka yanke wa zango guda hukunci da su.

Fina-finan Indiya na fassarar Hausa suna da nasu zancen daban. Abu biyu kake aunawa, fim ɗin da kuma fassarar. Wani fim ɗin mai kyau ne amma muryoyin ba su zauna ba, ko an cika barkwanci a wurin da ya kamata a yi jimami, wani kuma fim ɗin ba wani abin kirki ba ne amma masu fassarar sun zuba masa gishiri har ya zama abin kallo. Ka bambance wa mutum, kuma ka gaya masa fassarar wane kamfani ka kalla, tunda fim ɗaya ana iya samunsa da fassara fiye da ɗaya a wurin masu turawa. Na tarihi kuma a riƙa tuna wa mutane cewa wasa ne. Ertugrul dai mutum ne na gaske, mahaifin Usman wanda ya kafa Daular Usmaniyya, amma abin da tarihi ya adana game da rayuwarsa kaɗan ne ƙwarai, yawancin abin da ke cikin shirin marubuta ne suka tsara. Kar mutum ya kalla ya tafi majalisa yana kafa hujja da shi.

Abin da ke ɓata min rai sosai shi ne yadda ra'ayi kan fim ke komawa zagin mutane. Jaruma ta fito a muguwar kishiya ta iya wasan har ka ji haushinta, ai yabo ta cancanta, amma sai a bi ta da tsinuwa ana ambaton iyayenta da aurenta. Ka soki aikin iya son ranka, ka ce darakta ya yi sakaci a wuri kaza, ka ce labarin ya yi rauni daga zango na biyu, wannan hakkinka ne na mai kallo kuma masu shirin da ke da hankali suna amfana da shi. Amma rayuwar mutum ta gida ba ta cikin abin da aka ba ka ka auna. Haka in wani ya ce abin da kake so bai yi masa ba, ba gaba ba ce, ka tambaye shi dalili, sau da yawa zai nuna maka abin da idonka ya tsallake.

In na Hausa ne kuma yana YouTube, ka tura wa mutum mahaɗin tashar masu shi ta asali, ba wadda ta sata ta sake ɗorawa ba. Tun da kasuwar faifai ta mutu, irin hada-hadar da aka sani a Ƙofar Wambai ta ja baya, kallon da ake yi a tasharsu da tallan da suke samu su ne ke biyan masu kyamara da masu haɗa hoto da 'yan wasa. Kana son a ci gaba da shirin, toh ka kai musu mai kallo ƙofarsu.

Ga misalin yadda saƙon zai kasance, ba sai ya yi tsawo ba: "Anti ga wani mai dogon zango na Hausa, labarin wata bazawara ce da ta koma gidan mahaifinta da yara biyu tana neman yadda za ta tsaya da ƙafarta. An gama zango na farko, kashi 13, kowanne wajen minti 40. Za ki iya kunnawa a falo har gaban su Hajiya, sai dai akwai talla a tsakiya ki riƙe rimot. Kashi biyun farko suna da ɗan sanyi, ki daure zuwa na uku. Abin da ya burge ni maganganun ne, kamar a gidanmu ake yi. Ki sa a 360p saboda data."

In ta gama ka tambaye ta ya ta gani, kuma ka saurara da gaske. In ta ce sanyin ya yi mata yawa ta ajiye a kashi na biyar, ka riƙe wannan, in ta sake tambaya ka nemo mata mai saurin tafiya.